Waiwaye: Rawar da bakteriya ta taka a neman maganin ciwon hanta nau'in C

A yau mai ɗauke da ciwon hanta nau'in C zai sha ƙwayoyin magani na mako 8 zuwa 12, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na masu sha suna rabuwa da cutar kwata-kwata. Ko ɗaya daga cikin waɗannan magunguna ba daga jikin bakteriya aka samo shi ba, masana haɗa sinadarai ne suka ƙera su. Duk da haka har gobe akwai masu bincike da ke ɗebo ƙasa daga daji da hamada, suna neman bakteriyar da za ta ba su makamin yaƙar irin wannan cuta. Wanda bai san inda aka fito ba zai ɗauka ɓata lokaci suke yi.

Bairos ne ke haddasa ciwon, ba bakteriya ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta, tana ci tana hayayyafa. Shi kuwa bairos ba ya iya komai sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar wani ya yi amfani da kayan aikinta. Shi ya sa magungunan kashe bakteriya da aka saba sha ba sa yi masa komai. Amma bakteriyar ƙasa gwanayen sarrafa sinadarai ne. Daga dangin Streptomyces aka samo streptomycin a 1943, maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka, daga nan kuma aka samo tushen ivermectin, maganin tsutsotsin da ke shiga jiki. Masu bincike sun ga rumbun da ya ba da waɗannan ba zai rasa wani abu da zai taɓa bairos ba.

Kafin a zo maganar magani ma, da taimakon bakteriya aka gano ɓarawon. A shekarun 1970 Harvey Alter da abokan aikinsa a Amurka sun lura cewa mutanen da aka yi wa ƙarin jini suna kamuwa da wani ciwon hanta da ba nau'in A ba, ba kuma nau'in B ba. An shafe shekaru fiye da goma ana lalube, ba a ga ƙwayar cutar ba, ba a kuma iya renonta a ɗakin gwaji ba. Sai Michael Houghton, Qui-Lim Choo da George Kuo na kamfanin Chiron, tare da Daniel Bradley, suka bi wata hanya mai cin rai. Sun ɗebi jinin birin cimfanzi mai cutar, suka daddatsa duk bayanan halittar da ke ciki, suka dasa gutsattsarin a cikin bakteriyar E. coli domin ta riƙa sarrafa furotin ɗin kowane gutsure. Daga nan suka riƙa gwada ruwan jinin wani majinyaci a kansu, suna jiran inda garkuwar jikinsa za ta kama. Bayan tace miliyoyi, guda ɗaya ya amsa. A 1989 aka wallafa sakamakon, cutar ta samu suna, aka kuma fara tantance jinin da ake bayarwa. Alter da Houghton da Charles Rice sun karɓi kyautar Nobel a 2020 saboda wannan aiki.

Maganin farko ma ta hannun bakteriya ya biyo. Interferon sinadari ne da jikin ɗan Adam ke fitarwa idan bairos ya shige shi, an san da shi tun 1957, sai dai samunsa da yawa ya gagara. A 1980 Charles Weissmann a birnin Zurich ya dasa umarnin halittarsa a cikin E. coli, bakteriyar ta zama masana'anta, ana renonta a manyan tankuna ana tace maganin. A 1986 Jay Hoofnagle ya gwada shi a kan mutum 10 masu wannan ciwo da ko suna ba shi da shi, kuma a 1991 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi. Abin ya yi wa majinyata tsauri. Allura sau uku a mako, ga zazzaɓi, ga kasala, ga ƙuncin rai, wata da watanni, sannan waɗanda ke warkewa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Da aka haɗa shi da wani maganin bairos mai suna ribavirin a 1998, sannan aka inganta allurar ta koma sau ɗaya a mako a 2001, sai adadin ya kai wajen rabi ga masu samfurin bairos ɗin da ya fi taurin kai, bayan mako 48 na wahala. Shi kansa ribavirin, ko da yake ƙera shi aka yi a farkon shekarun 1970, an kwaikwayi siffar wasu sinadarai ne da Streptomyces ke fitarwa.

Neman sinadari daga bakteriya kai tsaye bai kankama ba sai da aka samu abin gwaji. A 1999 Volker Lohmann da Ralf Bartenschlager a Jamus suka samu wani sashe na bairos ɗin ya riƙa kwafar kansa a cikin ƙwayoyin hanta da ake reno a faranti. A 2005 kuma aka yi nasarar renon cikakken bairos ɗin, wanda Takaji Wakita ya samo daga wani majinyaci a Japan. Daga nan duk mai sinadari a kwalba yana iya ɗiga shi a faranti ya ga ko cutar za ta ja baya.

A 2003 masu bincike a Jami'ar Kyoto suka gano cewa cyclosporin, maganin danne garkuwar jiki da ake ba waɗanda aka yi wa dashen gaɓa, yana hana bairos ɗin hayayyafa. Ba ya taɓa bairos ɗin kansa. Wani furotin na jikinmu yake riƙewa, mai suna cyclophilin, wanda bairos ɗin ke aro don ya kwafi kansa. Dabarar ta burge mutane saboda dalili mai ƙarfi: bairos ɗin na saurin sauya kama ya zille wa maganin da aka auna shi da shi, amma furotin ɗin jikin mutum ba ya sauyawa haka. Shi cyclosporin daga fangas aka samo shi, to amma akwai bakteriyar da ke da makamancinsa. Wata Streptomyces da aka ware daga ƙasar Malawi tana fitar da sanglifehrin, wanda ma'aikatan Novartis suka bayyana a ƙarshen shekarun 1990, kuma yana kama cyclophilin fiye da cyclosporin. Kamfanin Biotica na Kambirij a Ingila ya sauya wa bakteriyar umarnin halitta domin ta riƙa fitar da nau'in da ba ya danne garkuwar jiki, tunda mai ciwon hanta ba ya buƙatar a raunana masa garkuwa.

Sai kuma wani dangi da a ganina ya fi duka ban sha'awa, myxobacteria. Suna rayuwa a ƙasa da ruɓaɓɓen itace, suna tafiya garke-garke a kan abin da suke ci, idan yunwa ta matsa kuma dubbai su taru su gina wani ɗan tsiro da za a iya hangowa da gilashin ƙara girma. A birnin Braunschweig na Jamus, Hans Reichenbach da Gerhard Höfle sun shafe shekaru da dama suna tara su suna tace abin da suke fitarwa. Ɗaya daga ciki, Sorangium cellulosum, ita ta ba da epothilone, wanda daga gare shi aka samu maganin kansar nono a 2007. Ita ce kuma ta ba da soraphen A. A 2015 aka wallafa cewa wannan sinadari na daƙile bairos ɗin ciwon hanta nau'in C a faranti, ta hanyar toshe matakin farko na haɗa kitse a cikin ƙwayar halitta. Bairos ɗin ya dogara ƙwarai da kitse: da shi yake gina maɓoyarsa a cikin hanta, a lulluɓe da shi kuma yake yawo a jini. Matsalar ita ce jikin mutum ma na buƙatar wannan mataki, kuma tun da farko an taɓa jingine soraphen a matsayin maganin feshin gona saboda illar da ya nuna a jikin dabbobin gwaji.

Akwai kuma labyrinthopeptin, daga wata bakteriya da aka samo a hamadar Namib. Shi fasa rigar kitsen da ke lulluɓe da bairos yake yi, kuma binciken da aka wallafa a 2020 ya nuna yana aiki a ɗakin gwaji a kan ciwon hanta nau'in C da dengi da Zika, cututtuka biyu da sauro ke yaɗawa.

Duk waɗannan sun makara. A 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta dakatar da gwajin alisporivir, wanda shi ne kan gaba a masu kama cyclophilin, bayan wasu da ke haɗa shi da interferon sun samu kumburin wata gaɓa ta ciki, har mutum ɗaya ya rasu. A Disambar 2013 sofosbuvir, ɗaya daga cikin ƙwayoyin maganin da ake sha a yau, ya fito, dala 84,000 na mako 12, wato dala 1,000 kowace ƙwaya. An yi ta ce-ce-ku-ce kan farashin, amma maganin ya yi aiki, kuma da kamfanonin Indiya da Masar suka fara yin nasu, kuɗin ya faɗo warwas. Masar, wadda alluran maganin tsargiya da aka yi wa jama'a da sirinjin da ba a tsaftace ba suka bar mata cutar a miliyoyin mutane, ta gwada kusan mutum miliyan 50 daga 2018, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da cutar. Wane kamfani ne zai zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli a gwajin sabon magani alhali wanda ke kasuwa na warkar da kusan kowa?

A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da cutar a duniya, wajen 242,000 suka mutu a 2022, babu kuma rigakafi. Sai dai abin da ke kashe su rashin gwaji ne da rashin kaiwa ga magani, tunda cutar kan yi shekara 20 ko 30 tana cin hanta ba tare da alama ba. Wannan ba giɓin da sabon sinadari zai cike ba ne. Saboda haka binciken ya karkata. Kamfanin NeuroVive na Suwidin, da ya sayi aikin Biotica a 2013, ya juya sinadarin sanglifehrin zuwa ga ƙeƙashewar hanta. Masu soraphen da labyrinthopeptin kuwa sun fi sa ido a kan dengi da Zika da ire-irensu, cututtukan da har yanzu ba su da takamaiman magani, tunda sinadarin da ya kama abin da bairos ke arowa a jikinmu yana iya tare hanyar bairos da yawa a lokaci guda.