Waiwaye: Shekarun da waƙa ta koma cikin memori, haƙƙin mai ita ya salwanta

Muhawarar da ake yi a Yamai kan haƙƙin mawaƙa, marubuta da masu shirya fim ta yi zafi, a gidajen rediyo da kuma shafukan sada zumunta, inda yawancin masu magana ke ɗora alhakin komai a kan intanet, kamar dai ranar da aka fara ɗora bidiyo a waya ne mai fasaha ya fara asarar guminsa. Wasu kuma suna cewa babu doka. Duk wanda ya bi tarihin lamarin zai ga cewa dokar ta daɗe, ɓarakar ma ta riga intanet zuwa.

Yarjejeniyar Berne, wadda ita ce uwar dokokin haƙƙin mallakar fasaha a duniya, an ƙulla ta tun 1886, Nijar kuma tana cikinta tun 1962, shekaru biyu bayan samun 'yancin kai. A ranar 2 ga Maris 1977 aka sa hannu kan yarjejeniyar Bangui, wadda ta kafa OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde, da ke da ƙasashe 17 a yau, har da Nijar. Dokar ƙasa ta 30 ga Maris 1993 ta kare haƙƙin mawallafi, da na masu kiɗa da rerawa, da kuma fasahar gargajiya da aka gada. A 1995 aka kafa hukumar BNDA domin karɓar kuɗin haƙƙi da raba su ga masu shi, sannan dokar 23 ga Disamba 2010 ta maye gurbin ta 1993.

Akwai abu guda da masu fasaha da yawa ba su rarrabe ba har yanzu. A tsarin Berne, aiki yana samun kariya tun daga lokacin da aka ƙirƙire shi, ba sai an yi masa rajista ba, kuma kariyar tana ɗorewa aƙalla shekaru 50 bayan rasuwar mai shi. Amfanin rajista shi ne hujja da hanyar biya: mutum ya kai aikinsa, a rubuta sunansa, da wanda ya tsara baitoci, da wanda ya yi kiɗa, da kason kowa. In babu wannan, haƙƙin yana nan, amma babu wanda ya san hannun da za a damƙa wa kuɗin, in an je gaban alƙali kuma sai an sha wahalar neman shaidu.

A da can, makaɗi a fage ake biyansa, da kyauta da liƙi, waƙarsa ba ta zuwa inda bai je ba. Kaset ya sauya wannan, ya kuma kawo satar fasaha, domin duk mai rediyo mai baki biyu yana iya kwafa. Duk da haka, kaset abu ne da ake riƙewa a hannu, ana ƙirga shi, ana ganinsa jere a shago, ana iya kama na jabu, kuma akwai ɗan kasuwan da ke zuba kuɗinsa ya sayi aikin daga mawaƙi saboda yana sa ran mayar da su. Sau da yawa cinikin na baki ne, kuɗin kuma ba su taka kara sun karya ba, amma dai ana ciniki.

Mahaɗar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce ƙarshen shekarun 2000, lokacin da wayoyin salula masu araha, masu ɗaukar memori da bulutut, suka cika kasuwanni daga Yamai har Tawa da ƙauyukan da ke kewaye. A cikin 'yan shekaru kaɗan wata sabuwar sana'a ta kafu a bakin tasha da lungunan kasuwa: saurayi da teburi, da tsohuwar kwamfuta, da lasifika, da tarin wayoyin caji. Mai saye ya zare memori daga bayan batir ya miƙa, ya ce a saka masa sababbi, ko a cika masa da wa'azi, ko fim, ya biya 'yan daloli ya tafi. Abin da ya biya ladan turawa ne. Waƙar kanta ba a sa mata farashi ba, kuma daga mai turawa har mai karɓa babu wanda ya ɗauki abin a matsayin cin haƙƙin wani, domin a ganinsu ba a raba kowa da kayansa ba. Da yamma kuma waƙar ta ratsa wayoyi goma a majalisar shayi ba tare da ko dala ta motsa ba.

A nan ne asara biyu suka auku a lokaci guda. Ta farko, ɗan kasuwan da ke sayen aiki ya janye, tunda babu abin da zai sayar. Ta biyu, wadda ta fi ciwo a ganina, suna ya ɓace. Bangon kaset yana ɗauke da hoton mawaƙi da jerin waƙoƙinsa, fayil kuwa yana yawo da lamba kawai, ko da sunan da mai turawa ya ga damar laƙaba masa, har a jingina waƙar wani ga wani. Shi ya sa mawaƙa suka riƙa ambaton sunansu da na situdiyo a cikin waƙar, wasu har da lambar waya, domin nan ne kaɗai ba a iya gogewa.

Masu fasahar ma sun bi yanayin, kuma ba abin zargi ba ne ga mai neman abin sawa a baka. Mawaƙi da kansa yake kai sabuwar waƙa wurin masu turawa domin ta yaɗu, ya yi suna, a gayyace shi biki ko taro. Waƙa ta zama talla, abincin kuma ya koma fage da hannun mai gida, shi ya sa waƙar yabo, ta aure da ta siyasa suka fi samun mai ɗaukar nauyi. Wanda ya bayar da aikinsa kyauta domin ya yaɗu kuwa da wuya ya ga dalilin zuwa yi masa rajista, balle ya rubuta yarjejeniya da mai kiɗa ko mai situdiyo, waɗanda galibi abokai ne da ake jin kunyar nemansu da takarda. A cikin waɗannan shekaru ne yara suka tashi da sanin cewa ana sayen kati, ana biyan caji, amma waƙa tura ta ake yi.

Dokar 2010 ta zo a tsakiyar wannan sauyi. Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa ba a iya bin kowane gida a hana kwafa, sai suka ɗora wani ɗan kaso a kan na'urori da kayan naɗa, a tara a raba wa masu fasaha. Jamus ta fara a 1965, Faransa ta bi a 1985. Irin wannan tsari ma da rajista yake aiki, domin ba a raba kuɗi ga wanda ba a san aikinsa ba.

Da intanet ta wadata, waɗannan fayiloli marasa suna ta tarar. Duk wanda yake da su a memori yana iya buɗe shafi ya ɗora, kuɗin kallo kuma mai shafin ake biya, sai fa in mai aikin ya fito da hujjar cewa nasa ne. Yawancin ƙorafin da ake ji a yau a kan ayyukan wancan zamani ne: situdiyon ya rufe, kwamfutar da aka naɗi waƙar a ciki ta mutu, ba a rubuta komai ba, wani lokaci mawaƙin ma ya riga mu gidan gaskiya, magadansa suna da haƙƙi na gomman shekaru a gabansu, amma ba su da takardar da za su nuna.