Sunayen dangi na Japan masu ƙarewa da "to" da "do"

Sato, Saito, Kato, Ito, Goto, Endo, Kondo da Ando sunayen dangi ne da suka yaɗu a Japan, kuma sukan rikita baƙo saboda kamanceceniyar furucinsu. Ba haka kawai suka yi kama ba. A rubutun kanji, wato haruffan Sin da Japanawa ke rubutu da su, galibi suna ƙarewa da harafi guda, 藤, sunan wani fure mai yaɗo. Idan harafin yana shi kaɗai ana karanta shi "fuji", a ƙarshen irin waɗannan sunaye kuwa sai ya koma "to" ko "do", da jan wasali.

Asali

Amfani da harafin a waɗannan sunaye ya samo tushe daga gidan Fujiwara, wanda sunansa ke farawa da wannan harafi. A shekarar 669 Sarki Tenji ya ba Nakatomi no Kamatari wannan suna, zuriyarsa kuma ta juya fadar sarki ƙarnuka da dama ta hanyar aurar wa sarakuna 'ya'yanta mata. Da gidan ya yi rassa, sai kowane reshe ya ɗauki harafi ɗaya daga sunan lardinsa ko muƙaminsa ya haɗa da na gida: Fujiwaran lardin Ise suka zama Ito, na Kaga suka zama Kato, na Omi suka zama Kondo, na Totomi kuma Endo. Saito daga muƙamin shugaban ofishin Saigu ya fito, ofishin da ke kula da gimbiyar da ke hidima a wurin bauta na Ise.

Sai dai ba duk mai irin sunan nan ne jinin Fujiwara ba. A 1875 gwamnatin zamanin Sarki Meiji ta wajabta wa kowa yin rajistar sunan dangi, talakawa da yawa kuma suka shiga da sunayen manya. Yau Sato ne sunan dangin da ya fi yawa a ƙasar.

Fitattun masu sunayen

A siyasa ne ruɗanin sunayen ya fi ƙamari, domin firaministoci biyar ne suka fito daga wannan rukuni. Ito Hirobumi shi ne na farko a tarihin ƙasar, a 1885. An harbe shi a birnin Harbin na ƙasar Sin a 1909. Kato biyu suka riƙe kujerar kusan a jere, Tomosaburo daga 1922 zuwa 1923, Takaaki daga 1924 zuwa 1926. Saito Makoto ya yi daga 1932 zuwa 1934, sojoji masu tawaye suka kashe shi a Fabrairun 1936.

Wanda duniya ta fi sani shi ne Sato Eisaku, firaminista daga 1964 zuwa 1972. A zamaninsa Amurka ta mayar wa Japan Okinawa, ya kuma karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1974. Labarinsa na nuna yadda suna kan yaudari mutum ta wata fuskar: yayansa uwa ɗaya uba ɗaya, Kishi Nobusuke, shi ma ya yi firaminista, amma da wani suna dabam, saboda dangin mahaifinsu na gidan Kishi ne suka karɓe shi riƙo. Kishi kuwa shi ne kakan tsohon firaminista Abe Shinzo na wajen uwa.

A wasanni akwai Sato Takuma, direban da ya lashe tseren motoci na Indianapolis 500 a 2017 da 2020, da Kato Sawao mai zinare 8 na Olamfik a wasan alkafura, da Endo Wataru, wanda ya koma Liverpool a 2023. Ando Momofuku ya ƙirƙiro taliyar leda mai saurin dahuwa a 1958, Ando Tadao kuma masanin tsara gine-gine ne da ya karɓi kyautar Pritzker a 1995. A fim ana iya rikita Satoh Takeru da Saitoh Takumi, alhali harafin "i" guda ya raba gidajensu.

Rubutu da boko

Jan wasalin ƙarshe ne ya sa suna ɗaya ke fitowa a matsayin Sato, Satō, Satoh ko Satou. Saito ya fi wahala, don ko a kanji ana rubuta harafinsa na farko iri-iri, kamar 斉 da 斎 da 齋. A al'adar Japan sunan dangi ke zuwa gaba, kuma tun Janairun 2020 takardun gwamnati ke bin wannan tsari ko da an rubuta su da haruffan boko.