Frank Wootton

Frank Wootton (1893–1940) mahayin dawakin sukuwa ne ɗan asalin Ostireliya, wanda ya zama zakaran mahayan Ingila shekara huɗu a jere, daga 1909 zuwa 1912. Ya yi suna ne a sukuwar fili, wadda ba a tsallake shinge a cikinta, amma bai cika shekara goma yana yin ta a Ingila ba nauyin jikinsa ya raba shi da ita.

An haife shi a Sydney. Mahaifinsa, Richard Wootton, mai horar da dawaki ne, kuma a hannunsa ya yi koyo. A Afirka ta Kudu ya fara cin tsere a 1903, yana ɗan shekara 9, kafin iyalin su tare a Epsom ta Ingila a 1906.

Darajar ɗan koyo a wajen mai barga ita ce rashin nauyi. Kowane doki akwai nauyin da aka ƙayyade zai ɗauka, mahayi da sirdi a haɗe. Kafin tsere mahayi yakan hau sikeli rungume da sirdinsa. In bai kai ba, a cika da fallayen dalma cikin aljihunan wani ƙyalle da ake shimfiɗawa ƙarƙashin sirdi. Bayan tsere a sake awo, in nauyi ya gaza a ƙwace nasarar. To, dalma tana cika wa yaro, amma babu abin da ke rage wa ƙato. Ga kuma rangwamen da ake yi wa dokin da ɗan koyo ya hau: a ƙa'idar Birtaniya ta yanzu laba 7 ne har ya ci tsere 20, laba 5 zuwa 50, laba 3 zuwa 95. Yaro mai hannu a linzami, marar nauyi, rububinsa ake yi.

Wootton ya taso lokacin da salon Amurkawa ya mamaye Ingila: a ɗage likkafa, mahayi ya duƙa a kan wuyan doki maimakon zama daram a sirdi. Babban abokin hamayyarsa ma Ba'amurke ne, Danny Maher, wanda Wootton ya karɓe kambu daga hannunsa a 1909 da nasara 165, yana da kimanin shekara 16. A shekarar ya ci tseren Oaks a kan goɗiya mai suna Perola. A 1910 ya ci St Leger a Doncaster a kan Swynford, dokin Lord Derby, inda doki mai suna Lemberg, wanda ya ci tseren Derby a shekarar, ya zo na uku. Shekararsa mafi albarka ita ce 1911, da nasara 187, sannan a 1912 ya ci Grand Prix de Paris a Faransa a kan Houli. Derby ta Epsom kuwa, da ake yi a garin da yake zaune, bai taɓa cin ta ba.

Sai jiki ya fara cika. Ko a manyan tsere irin Derby da St Leger, laba 126 doki ke ɗauka a lokacin, kimanin kilo 57, yawancin sauran kuwa ƙasa da haka. Mahayan zamanin kan yi fama da wannan ta hanyar ƙin cin abinci, wankan tururi, shan maganin zawo da gudu cikin tufafi masu kauri. Illar ita ce ruwan jiki ake zubarwa, ƙashi ba ya raguwa, sai ƙarfi ya ƙare wa mahayi daidai ƙarshen tsere, inda ake buƙatar ya tura doki. Saurayin da bai gama girma ba, wannan dabara ba ta kai shi ko'ina. Maher ya maido da kambunsa a 1913, Wootton kuma ya bar sukuwar fili yana wajen shekara 20, da nasara 882 a Ingila.

Ya yi aikin soja a Mesofotamiya, Iraƙin yau, a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da ya dawo ya koma sukuwar tsallake shinge, inda dawaki ke ɗaukar nauyi fiye da na sukuwar fili, ya kuma ci tsere da dama. Daga baya ya koma Sydney, a can ya rasu a 1940.