Tallan aikin marubuta da masu zanen littattafan yara a Legas

Tallan aiki shi ne duk wata hanya da marubucin littafin yara ko mai zana hotunansa yake bi da kansa domin a san shi, a sayi littafinsa ko a ba shi sabon aiki. Wannan fanni ya bambanta da sauran adabi ta fuska ɗaya: wanda aka rubuta littafin dominsa ba shi ke riƙe da kuɗi ba. Yaro ne mai karatu, amma uwa da malamin aji da mai makaranta su ke yanke shawarar saye, don haka su ake yi wa tallan.

A Legas akwai kamfanonin ɗab'i da ke fitar da littattafan yara, irin su Lantern Books na kamfanin Literamed da ke Ikeja, da Kachifo mai tambarin Farafina, wanda Muhtar Bakare ya kafa a 2004. Sai dai marubuta da yawa da kuɗin aljihunsu suke bugawa a maɗaba'un Shomolu da Mushin, su karɓi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa. Wanda ya bi wannan hanya, shi ne ɗan talla, shi ne ɗan dako, shi ne kuma mai bin bashi.

Makarantu

Kasuwa mafi tsoka ita ce makarantun kuɗi. Marubuci yakan nemi izinin shugabar makaranta ya karanta wa yara labari, musamman a ranar littafi ta duniya, 23 ga Afrilu, ko ranar yara ta Najeriya, 27 ga Mayu. Babban burin shi ne littafin ya shiga jerin waɗanda ake umartar iyaye su saya a farkon zangon karatu, domin cinikin makaranta ɗaya kan fi na watanni a kanti. Kantuna irin su Roving Heights da Glendora da Laterna suna ƙara wa littafi daraja, amma galibi ajiyewa ake yi sai an sayar a biya, kuma kuɗin kan yi jinkirin zuwa. Farin jini ma yana da nasa haɗarin, don littafin da makarantu suka karɓa shi ɓarayin fasaha suka fi kwaikwaya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ƙarfafa kariya, har da abin da aka ɗora a intanet.

Bukukuwa da gasa

Bikin littafi da fasaha na Legas, LABAF, ya faro a 1999, kuma yana da sashen yara. Bikin adabi na Ake, wanda Lola Shoneyin ta assasa a Abeokuta a 2013, ya dawo Legas a 2018. Akwai kuma bikin Akada, wanda na littattafan yara ne zalla. A irin waɗannan wurare abin da ake samu ya wuce ciniki: nan ake haɗuwa da editoci da malamai. Gasar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, mai kyautar dala 100,000, tana zagayowa kan adabin yara bayan shekaru. Jude Idada ya lashe ta a 2019, Olubunmi Familoni a 2024. Ko shiga jerin farko na littattafan da alƙalan gasar suka zaɓa kawai marubuta kan buga shi a bangon littafi.

Masu zane

Mai zane ba iyaye yake nema ba, mawallafa da marubuta ne abokan cinikinsa. Jarinsa shi ne kundin samfurin aikinsa, wanda yau yake zaune a Instagram ko Behance, shafin intanet na baje kolin zane. Edita ba kyan hoto ɗaya yake dubawa ba. Yana so ya ga yarinya ɗaya an zana ta tana dariya, tana kuka, tana gudu, kuma kamanninta ba su sauya ba daga shafi zuwa shafi. Masu zane da dama sun fito ne ta hanyar littattafan barkwanci na hoto da taron Lagos Comic Con. Abin da ake yawan sakaci da shi, kuma bai kamata ba, shi ne sa sunan mai zane a bango tare da na marubuci.

Hausawan Legas

Masu rubuta wa yara da Hausa a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 ba kasafai suke samun gurbi a manyan kantunan birnin ba. Hanyarsu ita ce makarantun Islamiyya, masu shimfiɗa littattafai a bakin masallaci ranar Juma'a, da zaurukan WhatsApp na mata, inda gajeren bidiyon karatun tatsuniya kan jawo oda. Littafi mai harshe biyu, Hausa da Ingilishi, ya fi shiga, saboda iyaye da yawa suna fargabar 'ya'yansu da suka tashi cikin Yarabanci da Ingilishin buroka su rasa harshen gida. Akwai kuma nauyin baki na al'ada, tunda an ce yabon kai jahilci ne. Shi ya sa wasu kan bar wa wani malami ko limamin unguwa gabatar da littafin a wajen ƙaddamarwa, inda 'yan kasuwa ke sayen kwafi da yawa su raba wa ɗalibai.