Matsattsakun Magani

Matsattsakun magani nau'in matsattsaku ne da ake kiwo cikin tsabta domin likitocin tiyata su ɗora shi a inda jini ya taru ya rasa hanyar fita. Sunansa na kimiyya Hirudo medicinalis, wanda Carl Linnaeus ya laƙaba masa a 1758. A littattafan likitanci na Faransanci da ake karantawa a Garwa, Marwa da Njamena kuwa sangsue ake ce masa. Asalinsa Turai ne da wani yanki na Asiya. A 2007 binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa galibin waɗanda ake sayarwa da wannan suna ɗan'uwansa ne, Hirudo verbana. Dangi ɗaya suke da matsattsakun da ke maƙale wa masunta a fadamun kogin Logon ko manoman shinkafa a Yagwa, amma ba shi ba ne.

Ƙirar jiki

Ɗan'uwan tana ne. Yana da abin maƙalewa a goshi da wutsiya, da idanu goma a kai. A bakinsa akwai muƙamuƙai uku, kowanne da ƙananan haƙora kusan 100, suna yanka kamar zarto, shi ya sa cizonsa ke barin tabo mai reshe uku irin harafin Y. Cikin minti 20 zuwa 40 yakan sha jini mililita 5 zuwa 15, wato cokalin shayi ɗaya zuwa uku, sannan ya saki da kansa. Ƙoshi ɗaya kan kai shi watanni. Kowane ɗaya yana da gabobin namiji da na mace, kuma a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta bakin ruwa yake ajiye ƙwansa.

Masu nazarin ƙwaƙwalwa ma sun mori wannan halitta. A tsakiyar jikinsa akwai ƙullin jijiya 21, kowanne da ƙwayoyi kusan 400, manya har ana gane ko wacce da wurinta. A 1968 John Nicholls da Denis Baylor suka bambance ƙwayoyi masu jin taɓawa, masu jin dannawa da masu jin ciwo.

Abin da ke cikin miyansa

Amfanin yana cikin miyau. A 1884 John Berry Haycraft ya gano cewa akwai wani abu a ciki da ke hana jini daskarewa. Daga baya aka sa masa suna hirudin, kuma Fritz Markwardt ya tace shi a shekarun 1950. Hirudin yana kama trombin, sinadarin da ke sa jini yin guda, ya ɗaure shi. Ba shi kaɗai ba ne: kalin na hana ƙwayoyin toshe rauni mannewa, hayaluronidas na buɗe wa sauran hanya cikin nama, wani kuma mai kama da histamin (sinadarin jiki mai jawo kumburi da ƙaiƙayi) na faɗaɗa jijiyoyin jini. Da hirudin Georg Haas ya yi wankin ƙoda na farko ga ɗan Adam a Jamus a 1924, kafin heparin, wani maganin hana jini daskarewa, ya karɓe wurin. Magungunan hana jini daskarewa irin su lepirudin, desirudin da bivalirudin duk daga gare shi aka kwaikwayo su.

Daga yayi zuwa tiyata

A ƙarni na 19 likitocin Faransa, bisa koyarwar François Broussais, sun mai da shi maganin kowace cuta, har ƙasar ta shigo da fiye da miliyan 40 a 1833 kaɗai. Tunanin bai yi nisa da na ƙahon wanzami ba: a cire mugun jini. Yayin ya mutu, matsattsakun ma ya kusa ƙarewa a tafkunan Turai, kuma yau cinikinsa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar taƙaita cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Ya dawo ne ta wata ƙofa. A 1960 likitoci biyu 'yan Sulobeniya, Derganc da Zdravič, suka wallafa yadda ya ceci fatar da aka dasa. A 1985 Joseph Upton ya yi amfani da shi wajen mayar wa yaro ɗan shekara biyar kunnensa a Boston. A 2004 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da shi a matsayin kayan aikin likita.

Dalilin amfani da shi a tiyata shi ne: idan aka ɗinke yatsa, kunne ko leɓe da ya guntule, jijiyar da ke kawo jini mai kauri ce, tana ɗinkuwa. Mai mayar da jini siririya ce, takan lotse ko ta toshe. Jini na shiga ba ya fita, wurin ya kumbura, ya yi shuɗi-shuɗi, in an tsaga baƙin jini ya fito. In aka bar shi, nama ya mutu. Matsattsaku na zama magudana har jiki ya tsiro sababbin jijiyoyi, abin da kan ɗauki kwana biyar zuwa bakwai. Abin da ya sha kaɗan ne. Babban aikin shi ne tsattsafon da ke biyo baya na sa'o'i da yawa, wanda kan kai mililita 50. In matsalar ta shigowar jini ce, ba abin da zai tsinana.

Yadda ake ɗora shi

Ana wanke wurin da ruwa zalla, domin warin sabulu ko na maganin kashe ƙwayoyin cuta na korarsa. A kewaye da jiƙaƙƙen bandeji mai huda a tsakiya, ko a sa shi cikin sirinjin da aka yanke wa baki a kifa a daidai wurin. In ya ƙi kamawa, a ɗiga ruwan sukari ko a ɗan soka allura jini ya tsatso. Ana ƙirga su kafin da bayan aiki, don wanda ya ƙoshi yakan yi yawo, ya shige hanci ko cikin rauni. Ba a fizge shi, ba a zuba masa gishiri ko a kai masa wuta yana kan jiki: zai amayo abin cikinsa a raunin. Sau ɗaya ake amfani da kowanne, sannan a kashe shi cikin alkohol mai ƙarfin kashi 70. Waɗanda ke jira kuwa ana ajiye su a ruwa mai sanyi marar kulorin, a tulu mai murfi. Zafin Maris da Afrilu irin na garin Kusuri zai kashe su in babu na'urar sanyaya wuri.

Haɗari

A hanjinsa akwai bakteriya Aeromonas da ke taya shi narkar da jini, kuma tana iya ruɓar da raunin ko ta shiga jini. Don haka ake fara ba majinyaci maganin kashe bakteriya, siprofuloksasin ko kotirimoksazol, tun kafin cizon farko. Penisilin da amfisilin ba sa cin ta, kuma an fara samun wadda ke bijire wa siprofuloksasin ɗin ma. Haɗari na biyu shi ne ƙarewar jini: ana auna shi kullum, kuma da yawa sai an yi musu ƙari. Ba a ɗora wa mai ciwon rashin tsayawar jini, mai ƙarancin jini sosai, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Matsattsakun kududdufi kuwa ba a amfani da shi, don ba a san jinin wa ya sha jiya ba.

An kuma gwada shi kan ciwon gwiwa. A wani gwaji na Andreas Michalsen a Jamus a 2003, mutum 51 aka raba biyu, kuma waɗanda aka ɗora wa matsattsaku huɗu zuwa shida sun fi masu shafa maganin ciwo diklofenak samun sauƙi a makon farko. Sai dai gwajin na da rauni ɗaya da ba shi da magani: babu yadda za a ɓoye wa majinyaci cewa matsattsaku ne a gwiwarsa.