Rabin burrito da ka bari a mota ba abincin dare ba ne

A watan nan kaɗai na rasa adadin 'yan'uwanmu direbobin tasi da masu kai saƙon abinci a keke da suka shigo ɗakin shan maganinmu a yankin Bronx na birnin New York suna riƙe da ciki, ga amai, ga gudawa, leɓe ya bushe. Da na tambaya me aka ci, amsar ba ta canzawa: "Hajiya, burrito ne na saya da azahar, na ci rabi, na ƙarasa sauran bayan isha'i." Ina ya yini tsakanin azahar da isha'i? A kan kujerar gaba, ko a jakar bayan keke. To, nan matsalar take.

Ban ga laifin wanda ya so abincin nan ba. Shinkafa ce da wake da nama a naɗe cikin tortilla, wato wani siririn burodi mai faɗi, kusan irin cimar da muka taso da ita, ga shi ana ci da hannu ɗaya ana jiran fasinja. Amma ku san asalinsa, don ku gane inda aka sauya shi. Daga Meziko ya fito, kuma ma'anar sunan a Sifaniyanci ita ce ɗan ƙaramin jaki. Wani ƙamus na kalmomin Meziko da aka buga a 1895 ya riga ya ambace shi a matsayin kalmar mutanen Guanajuato. Inda ya kafu sosai shi ne arewacin ƙasar, jihohin Chihuahua da Sonora, inda ake murza tortilla da garin alkama. A Ciudad Juárez har yau ana ba da labarin wani mai talla da ke yawo da jakinsa a zamanin juyin juya halin 1910 yana naɗe abinci don kada ya huce, ko da yake ƙamus ɗin can ya girmi labarin. Abin da nake so ku riƙe shi ne, na can siriri ne, wake ko nama kaɗan aka naɗe, mutum ya cinye a zama ɗaya. Haka leburorin gona na Meziko suka shigo da shi gonakin Kalifoniya tsakanin 1942 da 1964.

Wannan ƙaton da kuke saye, mai shinkafa da cuku da kirim da avocado, a naɗe cikin takardar alminiyam, a unguwar Mission ta San Francisco ya samu suna a shekarun 1960. Ya fi ƙarfin cikin mutum ɗaya, shi ya sa kuke ragewa. Takardar nan kuwa tana riƙe shi da ɗumi-ɗumi, ba zafi ba sanyi, daidai yadda ƙwayoyin cuta suke so.

Kada ka bar shi a mota. Na faɗa a ɗakin duba marasa lafiya, na faɗa a ƙofar masallaci, ina kuma maimaitawa. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32 a ma'aunin Selsiyas, awa 1 kacal. Motar da aka rufe a watan Yuli ta wuce nan nesa ba kusa ba. Da hunturu ma kun kunna hita.

Wani dattijo ya ce mini, "Ai a gida ɗumame muke ci tun muna yara." Baba, da girmanka, ɗumamen tuwo a wuta ake tafasa shi da miyarsa, kai kuwa ko ɗumamawa ba ka yi ba. Wanda ma ya ɗumama, ya sani shinkafar da ta yini a waje tana iya tara dafin da zafin wuta ba ya kashewa. Shinshinawa ba gwaji ba ce, abinci kan lalace ba wari ba yami.

Wasu kuma su ce zubar da abinci almubazzaranci ne. Gaskiya ne, ni ma haka aka koya mini, kuma na san da wahala ake samun dalar nan, ga iyali a gida suna jiran aike. To amma kwana uku kana kwance ana maka ƙarin ruwa, mota a ajiye, kuɗin haya na tafiya, wanne ya fi asara? Wallahi abin yana ɓata mini rai, mutum mai ciwon sukari ya zo jiki duk ya saki saboda rabin burrito.

Abin yi ba shi da yawa:
- Sayi ƙarami, ko ku raba babba da abokin aiki.
- In za ka rage, sa shi a kula mai ƙanƙara nan take, ko firij kafin awa 2.
- Na firij kada ya wuce kwana 3 zuwa 4, a cire takardar a ɗumama har tsakiyarsa ta yi tururi.
- Wanda ya yini a mota, a zubar.

Idan amai da gudawa sun fara, a kama shan ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In ka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko jiri, ko fitsari ya ɗauke, ko ruwa ma ba ya zama a ciki, ka ajiye motar ka taho asibiti. Mai juna biyu, yaro ƙarami da tsoho kuwa, kada a jira sai an ga waɗannan alamun.