Waiwaye: Yadda adaidaita sahu ta ƙwace titunan Kano

Duk shekara da zarar Satumba ta kama, ruwa ya fara ja baya, yara sun koma makaranta, sai maganar 'yan adaidaita sahu ta dawo sabuwa fil a garin nan. Iyaye na kukan kuɗin kai yara da ɗauko su, masu mota na kukan an hana su sakat a titi, su kuma 'yan sahun amsarsu ɗaya ce, ku fara zuwa gidan mai ku tambayi farashi tukunna. Yaron da aka haifa bayan 2005 zai ɗauka dama can haka Kano take, ko'ina ka duba ruwan ɗorawa daga Kabuga har Hotoro. To ba haka bane, abin nan duka-duka shekararsa ashirin ne da 'yan kai, kuma babu wata gwamnati da ta taɓa zama ta tsara cewa shi zai riƙe sufurin birni kamar Kano. Faɗowa yayi cikin aikin.

Da can bas ce da tasi. Hayis da kwandasta a maƙale a ƙofa yana kiran Bata-Bata ko 'Yankura, a cusa ku kamar buhunan gero, in baka da canji ku yi ta yi da shi har ka sauka. Acaɓa kuma ta samu gindin zama ne bayan 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin nan na tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, darajar naira ta faɗi, mota da kayan gyaranta suka fi ƙarfin talaka, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka fara sallamar ma'aikata. Wanda ya rasa aiki in yana da babur sai ya fito haya. Da baburan China irin su Jincheng suka shigo da araha, ga 'yan siyasa na rabawa magoya baya, shikenan sai Kano ta zama garin 'yan acaɓa, hayaƙi da yamma a Ƙofar Nassarawa har ido sai yayi yaji.

Ita keke mai ƙafa ukun ba a Kano aka fara ganinta ba. 'Yar Indiya ce, kamfanoni irin su Bajaj da TVS ke ƙera ta, kuma Buba Marwa ne ya fara yayinta a Legas lokacin yana gwamnan soja tsakanin 1996 da 1999, shi yasa har yau can suke ce mata Keke Marwa. Sai Obasanjo ya kafa hukumar yaƙi da talauci ta NAPEP a 2001 aka raba wasu, sunan Keke Napep ya bi ta a Kaduna da Abuja da sauran wurare. Mu namu sunan daban ne saboda hanyar da ta biyo ta shigo mana daban ce.

An ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 zamanin Kwankwaso na farko. Malam Ibrahim Shekarau ya hau a 2003, aka yi dokar Hisba, sannan a 2004 ya kafa shirin gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu, wanda Dakta Bala Muhammad ya jagoranta. Shirin wa'azi ne da wayar da kai, a rediyo, a makarantu, a allunan bakin titi. A 2005 gwamnatin ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, aka ce bai dace mace ta hau bayan namijin da ba muharraminta ba, sai aka sayo waɗannan kekunan aka rubuta musu sunan shirin a jiki, da labule gefe da gefe, aka ce na mata ne zalla. Shirin ya mutu da gwamnatin, amma sunansa ya rayu a jikin mashin. Yau ka tambayi ɗan sakandare menene A Daidaita Sahu, abin hawa zai nuna maka.

Dokar bata zo da sauƙi ba fa. A ƙarshen 2005 an yi ta arangama tsakanin 'yan Hisba da 'yan acaɓa, don mata su ne rabin cinikinsu, su kuma matan kekunan basu wadace su ba, sai mace ta daɗe a tsaye a rana da goyo tana jira, ga ɗan acaɓa na wucewa fanko yana kallonta tana kallonsa. Farkon 2006 gwamnatin tarayya ta shigo rigimar, ta ce Hisba haramtacciya ce, har aka kama kwamandanta Malam Yahaya Faruk Cheɗi. A hankali dokar ta yi sanyi, mata suka koma hawa babur, maza suka fara leƙa adaidaita, 'yan kasuwa kuma suka gane akwai kuɗi a ciki suka fara sayowa da kansu.

Abin da wa'azi da Hisba suka kasa, tsaro ne ya yi shi a 'yan kwanaki. Bayan harin 20 ga Janairu 2012 da ya girgiza garin nan, aka fara taƙaita lokacin hawa babur, saboda masu harbe-harbe a kan babur suke zuwa su gudu. Sai ranar 19 ga Janairu 2013 aka buɗe wa ayarin Sarki Ado Bayero wuta a wajen Masallacin Murtala, direbansa da dogarai suka rasu, Allah ya jiƙansu. Kwana kaɗan bayan nan gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur a cikin birni da kewaye. Dubban 'yan acaɓa suka wayi gari babu sana'a. Wasu suka koma ƙauye, wasu suka tsallaka wasu jihohin, mafi yawa kuwa suka sayar da babur suka nemi adaidaita. Kaga kenan direban sahu na farko-farko ɗan acaɓa ne da aka ƙara masa taya ɗaya da rumfa, kuma da halinsa ya taho, kurɗe, tsayawa a tsakiyar titi in ya hango fasinja, juyawa ba sigina. Masu zagin tuƙinsu su tuna babu wanda ya zaunar da su ya koya musu komai a lokacin, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA ma da aka kafa a 2012 kama ta fi iyawa.

Akwai abin da fasinja baya gani, wato balas. Yawancin waɗanda kake gani a kan mashin ɗin ba nasu bane. Wani alhaji ne ko ma'aikaci ko hajiya a cikin gida ta saya ta bayar, kullum direba ya kawo adadin da aka yanka masa, ko kuma a ninka masa kuɗin mashin ya dinga biya har ya zama nasa, in ya yi fashin biya a karɓe. To mutumin da ya fito da asuba da bashin balas a wuyansa, ga mai, ga kuɗin ƙungiya, ga na makanike, sai ya haɗa duk wannan kafin ya fara neman na cefane, shi zaka ce ya bi layi a hankali? Shi yasa zaka ga uku a baya, ɗaya ko biyu a gefen direba sun rataye, in 'yan firamare ne kuwa sai Allah, jakunkuna a bayan kujera, ƙanana a kan cinyar manya. Ban ce daidai bane. Amma lissafin ne ke tuƙin, ba direban ba.

Zamanin Ganduje ne aka fi kai ruwa rana. A ƙarshen 2019 aka sanar cewa daga Janairun 2020 ba za a ƙara haɗa maza da mata a adaidaita ɗaya ba, maganar da ko wata bata yi ba ta bi iska. A Fabrairun 2021 suka tafi yajin aiki kan harajin naira 100 na kullum. A Janairun 2022 suka sake tafiya kan naira 8,000 na sabunta lamba, lokacin Baffa Babba Ɗan'agundi ke riƙe da KAROTA, kuma wanda yake gari a kwanakin nan ba zai manta ba: mutane a ƙafa tun daga Na'ibawa har Kantin Kwari, wasu a bayan 'yar ƙurƙura, wasu a motar ɗaukar yashi, Jami'ar Bayero sai da ta ɗage jarrabawa. Kwana uku aka yi aka sasanta a kan 5,000. Ranar ce kowa ya gane waye ke riƙe da garin. A Yulin shekarar aka hana su aiki daga 10 na dare zuwa 6 na safe saboda masu ƙwacen waya da ke fakewa da sana'ar, sannan a ƙarshen Nuwamba aka ce an kore su daga titin Ahmadu Bello da hanyar Tal'udu zuwa Gwarzo don gwamnati ta kawo bas-bas ɗin haya na Kanawa, kafin a kwana biyu aka janye, zaɓe ya matso, kuma ba ɗan siyasar da zai yi wasa da ƙuri'ar mutanen da hotonsa ke manne a bayan mashinansu.

Wannan ma wani abu ne. Bayan adaidaita ya zama allon sanarwar Kano, ko jar hula, ko hoton malami, ko jarumar Kannywood, ko tambarin Pillars da na ƙungiyoyin Turai, ga habaici an rubuta wa maƙiya da fenti. In kana son sanin waƙar da ake yayi ba sai ka shiga TikTok ba, ka hau daga Zoo Road zuwa Sabon Gari, sifika a ƙarƙashin kujera zata sanar da kai ko baka so.

Sai 29 ga Mayu 2023, Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a Satumbar 2024 ta doshi 900, wata guda bayan nan ta wuce 1,000. Inda kake zuwa da naira 50 ko 100 ya ninka ya sake ninkawa, shata kuwa sai mai hali. Yanzu ana ta maganar mai gas da mai lantarki, har an fara ganin masu ruwan hoda da mata ke tuƙawa suna ɗaukar mata 'yan uwansu, amma dai ƙalilan ne.

Ni abin da ke bani mamaki, kowace gwamnati ta zo sai ta gina gada, Ƙofar Nassarawa, Dangi, Hotoro, Tal'udu, duk don mota ta wuce da sauri, alhali mafi yawan Kanawa basu da motar. A 2016 an sa hannu da wani kamfanin China kan jirgin ƙasa na cikin gari na dala biliyan 1.85, har yau ko dogo ɗaya bamu gani ba. Bas kuwa a kawo ɗari a yi biki a yanka ƙyalle, bayan shekara biyu ka neme su ka rasa. Don haka duk wanda ya kira rediyo a wannan watan yana cewa a kore su daga manyan tituna, a tambaye shi da me ɗaliban Rumfa da matan da ke zuwa awo asibitin Murtala za su fito gobe da safe.